Sikirinshot ba ya sauke nauyin ɗa, takardar DNA kuma ba alƙali ba ce

A 'yan shekarun nan rigimar "ɗan wane ne" ta bar zauren mai unguwa ta koma cikin waya. Yau ka ga wani a TikTok yana hawaye yana ɗaga takardar gwajin DNA, gobe ka ga wata a Facebook ta jera sikirinshot goma sha biyar na hirarta da wanda ta ce ya yi mata ciki ya zille. Mu kuma 'yan kallo mu dira wajen sharhi, mu gama yanke hukunci tun kafin datarmu ta ƙare.

Waya ta sauƙaƙa mana tara hujja, wannan gaskiya ne. Amma ta kuma sa mana wani ruɗi, cewa abin da ke cikin aljihunmu shi ne hukunci. Kotuna a ƙasashe da dama sun daɗe suna fama da irin waɗannan shari'o'i, kuma amsarsu ta fi karkata wuri guda: abin da manya biyu suka faɗa wa juna, ko suka ɓoye wa juna, ba ya shafe haƙƙin mutum na uku da aka kawo duniya ba tare da an yi shawara da shi ba. A ganina sun fi dacewa da gaskiya, duk da cewa akwai wuraren da hukuncin yake da ɗaci ƙwarai, kuma zan kawo su.

"Ba zan taɓa neman komai a wurinka ba"

Wannan alkawari ne da ake yawan yi a hira, wani lokaci da murya, wani lokaci a rubuce. Namiji ya adana saƙon, ya ɗauka ya mallaki takardar sallama.

Labarin William Marotta ya isa misali. Mutumin garin Topeka ne a jihar Kansas ta Amurka. A 2009 ya ga talla a shafin Craigslist, inda wasu mata biyu da ke zaune tare suke neman wanda zai ba su maniyyi domin ɗayarsu ta samu ciki. Ya amsa tallar, suka rubuta yarjejeniya cewa ba shi da haƙƙi a kan abin da za a haifa, ba shi kuma da nauyi. Aka haifi yarinya. Daga baya matan suka rabu, mahaifiyar ta shiga matsi, ta nemi tallafin gwamnati. Sai gwamnatin jihar ta tambayi wane ne uban, ta kuma maka Marotta a kotu a 2012 tana neman ya biya abin da ta kashe, ya ci gaba da biyan kuɗin kula da yarinyar. Lura da kyau, ba uwar ce ta kai ƙara ba. Ita ta riƙe alkawarinta. Gwamnati ce ta ce alkawarin bai shafe ta ba.

A Janairun 2014 alƙaliya ta yanke cewa shi ne uba a idon doka, domin dokar Kansas tana kare mai bayar da maniyyi ne kawai idan aka bi ta hannun likita mai lasisi, su kuwa a gida suka yi abinsu. Sai a 2016 kotun ta sauya matsayi, ta ce ɗaya matar ce ya kamata a ɗauka a matsayin ta biyu cikin iyayen. Ya tsira a ƙarshe, amma bayan shekara huɗu yana zarya kotu, kuma ba takardar da ya sa wa hannu ce ta fitar da shi ba.

A Ingila ma haka tsarin yake. Wanda ya bayar ta asibiti mai lasisi ba uba ba ne a doka. Wanda ya bayar ta wani zauren Facebook, a bayan fage, yana iya wayar gari shi ne uba da duk nauyin da ke kan uba.

Akwai kuma ɗaya gefen, inda namiji ke cewa an yaudare shi. A Kanada wani likita ya kai wata mata ƙara yana neman diyyar miliyoyin daloli, ya ce ta tabbatar masa tana shan maganin hana ɗaukar ciki, sai ga ciki. A 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta lardin Ontario ta yi watsi da ƙarar. Ta ce ba za a mayar da zama uba wata asara da ake biya wa diyya ba, domin hakan zai zama hanyar zagaye dokar ciyar da yara ta bayan gida: ka biya kuɗin kula da ɗa da hannun dama, ka karɓe shi daga uwarsa da hannun hagu.

Samari da yawa za su ce wannan zalunci ne, kuma na fahimci zafin. Idan da gaske an yi maka ƙarya, an cuce ka. Amma tambayar da kotu ke amsawa ba ita ce wa ya cuci wa ba. Tambayar ita ce wa zai sayi madara, wa zai biya kuɗin makaranta. Idan aka ce uba ya fita saboda ƙaryar uwa, wanda zai kwana da yunwa ba shi ne ya yi ƙaryar ba. Kuɗin ciyarwa haƙƙin yaro ne, shi ya sa uwa ba ta da ikon yafe shi a WhatsApp, kamar yadda ba ka da ikon sayar da gonar da ba taka ba.

Amincewa kafin ciki, da amincewa bayan ciki

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne fasahar haɗa ƙwai a asibiti, wadda ake kira IVF, domin ta raba abubuwa biyu da a da suke tare: lokacin da aka amince, da lokacin da ciki ya shiga. Ana iya daskarar da ƙwan da aka haɗa ya yi shekaru, kuma cikin shekarun nan soyayya na iya mutuwa.

A 2001 likitoci a Ingila suka gaya wa Natallie Evans cewa dole a cire mata ma'ajiyar ƙwai saboda alamun ciwon daji. Kafin tiyatar aka haɗa ƙwanta da maniyyin saurayinta, aka adana guda shida. A 2002 suka rabu, shi kuma ya janye amincewarsa. Dokar Ingila ta ce kowane ɗaya daga cikin biyun yana da damar janyewa matuƙar ba a dasa ƙwan a mahaifa ba. Ta yi ta shari'a har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, wadda a Afrilun 2007 ta yanke hukunci na ƙarshe, alƙalai 13 suka ƙi buƙatarta, 4 suka goyi bayanta. Aka lalata ƙwayayen. Wannan ita ce kaɗai damarta ta haihuwar ɗan cikinta. Duk mai zuciya zai tausaya mata, amma ka juya lamarin ka gani: da namiji ne ke son a tilasta wa tsohuwar budurwarsa zama uwa bayan ta ce a'a, ba wanda zai tsaya masa.

To yaya idan ba a girmama "a'a" ɗin ba? Shi ma ya faru a Landan, a shari'ar da aka sani da ARB da asibitin IVF Hammersmith. Wani mutum da abokiyar zamansa sun haifi ɗa ta wannan hanya, suka bar sauran ƙwayaye a daskare. Bayan sun rabu a 2010, matar ta kai wa asibitin takardar amincewa mai ɗauke da sa hannunsa, aka narkar da ƙwai aka dasa mata, ta haifi 'ya mace a 2011. Mutumin ya ce bai taɓa sa hannu ba. A 2017 alƙali ya yarda da shi, ya tabbatar sa hannun na jabu ne, ya kuma ce asibitin ya karya yarjejeniyar da ke tsakaninsu. Duk da haka ya hana shi kuɗin renon da ya nema, sama da fam miliyan ɗaya, bisa ƙa'idar cewa ba a ƙiyasta lafiyayyen ɗa a matsayin hasara. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hakan a 2018.

Nan ne na rabu da kotun. Kuɗin da ya nema ba daga bakin yarinyar za su fito ba, daga asibiti za su fito, kuma asibitin ne ya karɓi takarda ba tare da ya ga mai ita ba. Bankin da ke cikin wayarka ba ya barin ka tura naira dubu biyar sai ka danna lambar sirri, wani har sai ya aiko maka da lamba ta musamman ko ya ga fuskarka. A ce za a samar da ɗan Adam sukutum da sa hannun da ba wanda ya tantance? Kiran bidiyo na minti biyu ya isa ya hana wannan. Idan asibiti ya san ba zai biya komai mai nauyi ba ko da ya yi sakaci, me zai sa ya gyara? Asibitocin dashen ƙwai suna ƙaruwa a Abuja da Legas da Kano, don haka wannan tambaya ba ta Turawa kaɗai ba ce.

Su ma maza suna yin irin wannan yaudara, kuma doka ba kullum take kama su ba. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta soke hukuncin fyaɗe da aka yi wa Jason Lawrance game da wata mata da suka haɗu a shafin neman abokin soyayya. Ya ce mata an yi masa tiyatar hana haihuwa, ta yarda da shi, washegari ya turo mata saƙon tes cewa ƙarya ya yi. Ta samu ciki. Saƙon ya tabbatar da ƙaryar ba tantama, amma kotu ta ce ƙarya a kan haihuwa ba ta rushe amincewar da aka yi da saduwar kanta ba. Ya ci gaba da zaman kaso ne saboda wasu laifukan fyaɗe daban. Cire kwaroron roba a ɓoye kuwa ana kallonsa da wani ido: jihar Kalifoniya ta ba da damar neman diyya a kansa a 2021, Kotun Ƙolin Kanada kuma ta yanke a 2022 cewa wanda aka amince masa da sharaɗin kwaroro, idan ya ƙi sawa, yana iya fuskantar tuhumar cin zarafi.

Abin da takardar DNA take faɗa, da abin da ba ta faɗa

Ba na cikin masu raina gwajin DNA. Alec Jeffreys ne ya gano hanyar a Jami'ar Leicester a 1984, kuma amfani na farko da aka yi da ita, a 1985, na haɗa iyali ne: wani yaro ɗan asalin Ghana da hukumar shige da fice ta Birtaniya ta yi shakkar ɗan matar da ya ce uwarsa ce, gwajin ya tabbatar ɗanta ne. A yau ana goga auduga a cikin kumatu, a duba wasu wurare kimanin ashirin a jikin ƙwayar halitta inda wasu 'yan gajerun jeri ke maimaituwa. A kowane wuri yaro yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan duk wuraren suka dace, sakamako ya kan haura kashi 99.9 cikin 100. Idan wurare da yawa suka saɓa, an cire mutum.

Kimiyyar tana da ƙarfi. Raunin yana wurin hanyar da samfurin ya biyo. Kayan gwajin gida da ake oda ta intanet ba su san kumatun wa aka goga ba. Ɗakin gwaji yana ganin ambulan biyu ne kawai, ɗaya an rubuta "uba", ɗaya an rubuta "ɗa". Wanda ke son sakamako ya fito babu dangantaka, audugar abokinsa kawai zai saka. Shi ya sa gwajin da kotu ke yarda da shi sai an ga mutum ido da ido, an duba katin shaidarsa, an ɗauki hotonsa, an liƙe samfurin, an rubuta duk hannun da ya taɓa shi. Takardar da aka ɗaga a bidiyo kuwa, wadda kowane mai manhajar gyara hoto zai iya sauya mata suna cikin minti biyar, ba ta ma kai matsayin gwajin gida ba.

Ko gwaji na ƙwarai yana iya cin karo da abin al'ajabi. A 2002, a jihar Washington, Lydia Fairchild ta nemi tallafin gwamnati, aka yi mata gwaji da 'ya'yanta, sakamako ya nuna wai ba ita ta haife su ba. Aka zarge ta da zamba, ta kusa rasa su. Daga baya aka gano jikinta na ɗauke da ƙwayoyin halitta iri biyu, saboda tun tana cikin mahaifiyarta ta haɗe da 'yar tagwaitarta. Abu ne da ba a cika samu ba, amma ya nuna dalilin da ya sa ake buƙatar mutum mai ilimi tsakanin takarda da hukunci.

Sai lissafin nan da ke yawo duk shekara, wai ɗaya cikin maza huɗu yana renon ɗan da ba nasa ba. Irin wannan adadi daga ɗakunan gwaji yake fitowa, kuma waɗanda ke zuwa ɗakin gwaji galibi masu shakka ne tun farko. Kamar ka tsaya a ƙofar asibitin ƙashi ka ƙirga masu karaya, sannan ka sanar cewa rabin mutanen gari guragu ne. Wani masani, Kermyt Anderson, ya tattara bincike da dama a 2006. A cikin mazan da suka je gwaji saboda jayayya, kusan kashi 30 cikin 100 ba su ne iyayen ba. A cikin mazan da ba su da shakka, adadin bai kai kashi 2 ba. Wanda ya tura maka adadin farko ba tare da na biyu ba, ko bai sani ba ne, ko yana da abin sayarwa.

Manhajojin da ke cewa ka ɗora hotonka da na jariri su gaya maka ko naka ne, wasa ne, kada ka ba su ko hoton. Haka nan rukunin jini da jinotayif ba gwajin uba ba ne, kuma kuskuren rubutu a ƙaramin ɗakin gwaji ya isa ya tada gobara a gida.

Akwai wani kuskure da ya fi waɗannan duka kusa da mu, domin yana faruwa a ɗakin awo. Likitoci ba sa ƙirga ciki daga ranar saduwa, suna ƙirgawa ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, wato kimanin sati biyu kafin cikin ya shiga. Amaryar da aka kai ɗakinta sati shida da suka wuce tana iya yin hoton ciki, takarda ta nuna sati takwas, kuma babu abin da ya faru kafin aure. Ƙari a kan haka, na'urar kanta ƙiyasi take yi daga girman ɗan tayi. A watannin farko tana iya kuskure da kwana biyar zuwa bakwai, a watannin ƙarshe har sati uku. Ango ya ɗauki hoton takardar, ya tura wa abokai a zaure, kowa ya buɗe kalandar waya ya yi lissafi, kafin magariba an ɓata sunan 'yar mutane. Manhajar lissafin al'ada ma haka take: hasashe take yi daga ranakun da aka shigar mata, ba ta ga abin da ke cikin jiki ba.

A gida Najeriya

Dokarmu ba ta fara da gwaji, tana farawa ne da aure. Sashe na 165 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce yaron da aka haifa cikin halastaccen aure, ko cikin kwana 280 bayan mutuwar auren matuƙar uwar ba ta sake aure ba, kotu za ta ɗauke shi ɗan mijin ne. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, a sashe na 63, ta ba kotu ikon ba da umarnin gwajin kimiyya idan ana jayayya kan iyaye, a inda dokar ke aiki. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki kuma ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa kawai.

A kotunan Musulunci, inda mafi yawan shari'o'in aure na Arewa suke zuwa, mazhabar Malikiyya ake bi. Ɗan da aka haifa a shimfiɗar aure, bayan wata shida ko fiye da haka, ana jingina shi ga miji. Hanyar kore shi ita ce li'ani, rantsuwa huɗu da ta biyar mai ɗauke da tsinuwa, a gaban alƙali, kuma ba a yarda miji ya san da cikin ya yi shiru, sai bayan shekaru ya zo ya ce ba nasa ba ne. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2002, ta duba batun DNA, ta yarda a yi amfani da shi inda aka musanya jarirai a asibiti, ko aka tsinci yaro, ko ake jayayya kan wanda ba a san nasabarsa ba. Amma ta hana a kore tabbatacciyar nasaba da shi, ta kuma hana a gabatar da shi a kan li'ani. Ma'ana, magidancin da ya yi gwaji a ɓoye ya ruga kotun Musulunci da takarda, yana iya dawowa gida yaron na nan a matsayin ɗansa, da ci da sha da sutura da magani duk a wuyansa.

Wannan ƙa'ida garkuwa ce ga matar aure da ɗanta. Amma tana da wani gefe da ba mu cika son magana a kai ba. A ra'ayin mafi yawan malamai, ɗan da aka haifa ba ta hanyar aure ba, ga uwarsa ake jingina shi, ko da an san wanda ya yi cikin. A aikace, yarinya ce ke ɗaukar ciki da kunya da reno da ciyarwa, saurayin kuma ya toshe lambarta, ya sauya layi, bayan shekara ɗaya a sha bikinsa. A da yana iya cewa ba hujja. Yanzu hujjar tana nan, audugar kumatu ce kawai.

Ba ni da hurumin fatawa, amma ina da damar tambaya. Malamai irin su Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun yarda a jingina irin wannan ɗa ga wanda ya yi iƙirarinsa idan matar ba ta da miji. Tunisiya ta yi doka a 1998 da ta ba da damar a yi amfani da gwajin ƙwayar halitta a tabbatar da uba, yaron ya samu suna da ciyarwa. A Maroko wata kotu a Tanja ta umarci wani mutum ya biya diyya a irin wannan shari'a a 2017, kotun sama ta soke. Wato ƙasashen Musulmi suna muhawarar, wasu sun ce e, wasu sun ce a'a. Abin da nake gani ya dace malamanmu da majalisun jihohi su duba shi ne ko za a iya raba nasaba da gado a gefe guda, da ɗaukar nauyin ɓarnar da mutum ya jawo a ɗaya gefen. Wanda ya buge akuyar maƙwabci da babur ana sa shi ya biya. Yana da wuya a fahimtar da matashiya dalilin da zai sa wanda ya bar ta da jariri ya tafi ba ko sisi.

Idan rigima ta riga ta same ka

Sikirinshot shi kaɗai hujja ce mai rauni. Akwai manhajojin ƙirƙirar hirar bogi kyauta, kana iya sa wa kowace lamba kowane suna, yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira tana kwaikwayon murya daga ɗan gajeren saƙo. A manyan kotuna, sashe na 84 na Dokar Shaida ya gindaya sharuɗɗa kan duk abin da ya fito daga na'ura: a nuna na'urar tana aiki daidai, a bayyana yadda aka fitar da bayanin, ta bakin shaida ko da takardar tabbaci. A shari'ar Kubor da Dickson, kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun da aka bugo daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Idan 'yan siyasa da manyan lauyoyinsu sun faɗi a nan, kai ma kana iya faɗi.

Don haka wayar da aka yi hirar a cikinta ta fi hotunan hirar daraja. Kada ka sayar da ita, kada ka yi mata filashin. Ka fitar da hirar gaba ɗayanta ta hanyar da WhatsApp ya tanada, ba guntayen da suka yi maka daɗi ba, domin ɗaya ɓangaren ma yana da kwafinsa. Ka tuna akwai saƙonni masu ɓacewa bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90, kuma ana iya gyara saƙo cikin minti 15 da aikawa. Idan kana biyan kuɗin ciyarwa, ka tura ta banki ka rubuta dalili a wurin bayani, ke ma mai karɓa ki adana rasit ɗin. Jerin kuɗin da aka tura wata bayan wata ya fi dogon saƙon murya amfani ga kowane ɓangare, domin banki ma yana da nasa rikodin. Shiga wayar wani a ɓoye, ko dasa masa manhajar leƙen asiri, yana iya mayar da mai ƙara wanda ake tuhuma a ƙarƙashin Dokar Laifukan Intanet ta 2015.

Sai batun gwaji a ɓoye, wanda nake ganin ya kamata Najeriya ta sa masa linzami. A Faransa, gwajin uba ba tare da umarnin kotu ba laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara ɗaya da tarar yuro 15,000. Wannan ya yi tsauri. Tsarin Jamus ya fi burge ni. A 2007 kotun tsarin mulkinsu ta ce ba za a karɓi gwajin ɓoye a matsayin hujja ba, amma a hukuncin nan ta umarci majalisa ta buɗe wa mai shakka hanya. A 2008 aka yi doka da ta ba uba da uwa da ɗa, kowannensu, haƙƙin neman a yi gwaji, idan wani ya ƙi kotu ta shiga. An rufe taga, an buɗe ƙofa. Namiji yana da haƙƙin sanin gaskiya, yaro kuma yana da haƙƙin kada a saci yawunsa yana barci a aika wa kamfanin da ba a san inda yake ba.

Wannan tsoro ba na banza ba ne. A 2023 masu kutse sun kai ga bayanan mutum kusan miliyan 6.9 na kamfanin gwajin asali na 23andMe, a Maris na 2025 kuma kamfanin ya shigar da takardar karyewa, aka shiga cinikin wa zai gaji rumbun bayanansa. Lambar sirri idan ta fita ana sauya ta, DNA ba a sauya shi, kuma na ɗanka yana fallasa kai da uwarsa da 'yan'uwansa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan ƙwayar halitta cikin bayanai masu tsananin sirri. Kafin ka miƙa samfur ga kowane ɗakin gwaji, kana da damar tambaya a rubuce: a ina ake yin gwajin, a nan ko a waje, wa ke ganin sakamakon, har yaushe za a ajiye samfurin, kuma ta wace hanya za ka sa a lalata shi. Wanda ya kasa amsa waɗannan huɗun, ka nemi wani.